Ba Taure Ba Ne, Mijina Ne

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa na Agadas. Ni ce Maryamu matar Iliya, shofer ɗin nan, wato direba, da yake jigilar gawayi daga Anu Araren. Da furfura na shiga karatun manya, saboda haka da hannuna na rubuta wannan.

Iliya ya fara da wahalar fitsari. A Yamai likita ya ce kansa ce, wato ciwon daji, ta kama purostat, wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Ya zana mini a takarda. Ya ce ƙwayar ciwon tana da ƙofa, sinadarin mazantaka da ke cikin jini kuma shi ne mabuɗinta. In ya buɗe, ciwon ya ci ya girma. Allurar da za a riƙa yi masa tana hana jiki yin mabuɗin.

Allura ta yi aiki. Fitsari ya sake, mazantaka kuwa ta kwanta.

Sai sojoji suka karɓi mulki, aka rufe iyakoki, allura ta daina zuwa. Ruwan sama ma ya ƙi. Awakina suna mutuwa, ina jan su bayan gari ina dawowa in ɗora tukunya. Ban yi kuka ba. Ban ji komai ba.

Likita ya ce saura hanya ɗaya, a cire masa 'ya'yan maraina. Iliya ya dube ni ya ce, "Maryamu, ni taure ne? Bunsurunki ne ni da za ki kai a fiɗiye?"

Abokansa na tasha suka ƙara masa. "Iliya, madam ce shofer yanzu?" Ɗaya cikinsu, don ƙauna wai, ya kawo masa maganin ƙarfin maza irin wanda ake sayar wa masu haƙar zinariya a Cibarakaten. Ya sha a ɓoye. Ciwon da muke kashewa da yunwa, ya koma yana ba shi tuwo!

Ciwo ya sauka bayansa. Mutumin da ke hawa kamiyo, babbar motarsa, da tsalle ya kasa ɗaga buta.

Ranar da na tsinci kwalbar maganin a aljihunsa, na durƙusa a tsakar gida da rana tsaka. Addu'a ta ƙi zuwa. Abin da na iya faɗi kawai, da ƙarfi, shi ne, "Yesu, ni ba na jin komai. Kai ka ji. Mutumin nake so, ba abin da ke cikin wandonsa ba."

Ashe yana jina daga ɗaki. Ya kira ni da sunan 'yarmu ya ce, "Uwar Rut, nemo mana kar, bas ɗin Yamai."

An yi aikin. Ciwon bayan ya lafa. Ubangiji ya yi!

Ba zan yi muku ƙarya ba. Likita ya ce wata rana ciwon zai iya ƙara wa kansa ƙofofi, har ɗan abin da ya rage a jini ya ishe shi. Na ji. Zuciyata ma har yau ba ta gama narkewa ba.

Amma ga shi can a bencin baya, da hularsa a gwiwa. Shi ya ce in faɗa muku duka, kada in rage.

Maza, in fitsari ya fara yi muku gardama, ku je likita, ku bar 'yan tasha. Ku dogara ga Yesu ko ba ku jin komai, shi yana ji. Na gode masa. Iliya, ɗaga hannu su gan ka.