Agogon Da Ya Tsaya Ana Tsakar Rubutu

A tashar Rogo, cikin wata fijo mai jiran fasinjan Karaye, wani dattijo mai sandar kiwo ya dubi wani malamin makaranta da ke rungume da agogon bango.

"Malam, sannu da kaya. Na sayarwa ne?"

"A'a, Baba, gyara zan kai shi. Da shi nake koya wa yara rubutun jarrabawa. Na ce su fara yin tunani, sannan su rubuta, kuma kada wanda ya ajiye biro sai dogon hannun ya hau sha biyu."

"To, ai dabara ce."

"Ana tsakar rubutu ya tsaya. Sauran yaran suka gaji suka bari, amma akwai wani Jibo, har yau yana yi. 'Garinmu' na ce su rubuta. Ya gama da mutanen Zoza kaf, ya shiga shanu. Ga jarrabawa ranar Litinin."

"Ka ce masa lokaci ya cika mana."

"Na faɗa, ya nuna mini agogo. Ni na koya masa kada ya saurari kowa sai shi."

Dattijon ya gyara zama. "Wani siriri mai tawada a leɓe? Shekaranjiya ya zo rugarmu yana tambayar sunayen shanu."

"Shi ne. Ka ga abin da nake fama da shi."

"Rabin garken ya rubuta magariba ta yi. Malam, don Allah a ɗan jinkirta gyaran nan. Bai zo kan bijimina ba tukuna."