Bappayo da Wayar da Bai Ƙarasa Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Wakilin Hakimi, ranka ya daɗe. Modibbo Liman, Allah ya gafarta malam. Jauro na Alkalawa, Fasto da mutanenka, direbobin Jimeta, Adda Ruƙayyatu matar marigayi da 'ya'yanki, sannunku da haƙuri.

An zaɓe ni don an ce na yi boko. Bokon nan bai tsinana mini komai ba sai kiran da ake yi mini in an yi rashi. Amma yau ina da magana.

Bappayo ya kasance direba tun ana kiran direba da girma. Da Turawa suka tashi, aka yi gwanjon tsohuwar jif ɗin likitan shanu, shi ya saya, muna ta yi masa dariya. Ya kasance mai hawa dutsen Mambila da ita a lokacin da motocin hukuma ke tsayawa a Serti su juyo. Magani, gishiri, malaman makaranta, duk a bayanta suka hau dutsen. Ya kasance mai gardama kuma, ba zan ɓoye ba, ni da shi mun sha yin kwana ba ma gaisawa.

Mu mutanen Yola zafi muka sani. Ga mu nan muna fifita. Ba mu yarda akwai sanyin da ke kisa a cikin jiharmu ba. Bappayo ya gani da idonsa. Bara ya ɗauko wata mai jego da jaririnta bakwaini daga wani ƙauye zuwa wajen Malama Keturah, ungozomar da ke saman dutsen. Hazo ya rufe gilashi, yana tuƙi yana gogewa da hularsa. Kafin su isa jaririn ya sandare a jikin uwarsa.

Da ya sauko ya ce mini, "Malam, raka ni, kai ne mai Turanci." Muka je wani ofis neman hita, na'urar ɗumama mota. Yaron da ke kan kujera, wanda na koya wa rubutu da hannuna, ya ce, "Hita a Yola, Baba? Ku nemo ƙanƙara dai." Abin da 'yancin kai ya ba mu ke nan: yanzu ɗanka ne zai yi maka dariyar.

Bappayo ya tono hita a gawar wata babbar mota a Damilu. Shi da Eli mai rewaya, mai gyaran wutar mota, suka kwanta a ƙarƙashin jif. Sun huda bangon da ya raba inji da cikin mota, sun ja tiyo biyu daga injin don ruwan zafi ya zagaya. Saura wayar fankar hitar. Eli ya ce a haɗa da batir kai tsaye a huta. Bappayo ya ce, "Kai Eli, mata zan ɗauka, ba masara zan gasa ba. Sai an samo fis mai yanke wuta in ta yi yawa." Ran da aka samo fis ɗin, ran nan ya kwanta ciwo. Bai tashi ba.

Yanzu motar tana rumfa, murfin inji a buɗe, waya na lilo. An kulle ƙofa, domin a wajenmu ba a taɓa kayan mamaci sai an raba gado, kuma ba za a raba ba sai ɗansa Hayatu ya dawo daga aikin soja. Yaushe? Ba wanda ya sani. Ni kuwa ba na barci. Hadari ya fara haɗowa. In ruwa ya sauka, rafukan hanya za su cika, dutsen ya zama santsi. Malama Keturah ta aiko cewa tana da mata masu tsohon ciki a ƙauyuka, babu mota. Ta aiko kuma ba ta san Bappayo ya rasu ba. Har yau shi take jira.

Adda Ruƙayyatu, na san takaba kike yi, kuma bai dace in dame ki ba. Bobboyi, kai ne babban ɗa, na san tsoron da kake ji, kar ƙaninka ya dawo ya ce an ci masa hakki. Tsoron nan daidai ne. Amma ba cewa na yi ku sayar ko ku kyautar ba. Modibbo na nan, ku tambaye shi a gaban jama'a ko akwai hanyar da za a ba da aron motar, mu tsaya shaida a kan rabon Hayatu. In ya ce babu, na yi shiru.

Eli yana bakin ƙofa da akwatin aikinsa. Ya ce aikin ba zai kai la'asar ba. Ban sallame shi ba tukuna.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya jiƙan Bappayo, ya yalwata kabarinsa, ya ba iyalinsa dangana. Allah ya sauki matan nan lafiya, ya riƙe mana ruwan sama har motar ta hau. Amin.