Na'urar da Inna take ɗaurawa a ƙugu

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Daga Ƙarfi nake rubutowa.

Ciwon baya ya hana Innata sujada tun girbin masara. Ana gobe za mu asibitin gashin ƙashi, Baba ya sa wanzami ya yi mata ƙaho. Ma'aikaciyar asibitin ta ga tsagar ta ce, "Haba Inna, ba a manna na'ura kan rauni! Sai ya warke."

Da muka koma, ta ba ta 'yar na'ura mai batir, ta riƙa ɗaurawa a ƙugu. Ba allura, ba ƙwaya. Inna ta ce kamar tururuwa ke yawo a bayanta. Ran Juma'a, wallahi da idona na ga goshinta a ƙasa. Allah mai iko!

Yanzu maƙwabta suna ta zuwa aro. Malam, a tambayar mana likita, mu ba su?