Hajiya Za Ta Kalli Furen Zoɓo

A kasuwar Tudun Wada, wani dattijo ya tsaya gaban mai amalanken shanu.

"Sannu, samari. Za ka kai mutum biyu gonakin zoɓon bakin rafi gobe?"

"Buhu nawa za ku ɗauko, Baba?"

"Ko ɗaya. Fure za mu kalla."

"Fure? Ikon Allah! To ga tasha can, ku hau mota mana."

"Hajiya ba ta shiga mota, amai take yi. Kuma a mota, kafin ka ce ta duba an wuce."

"Sai kun yi sammako fa. Furen zoɓo kafin azahar ya rufe, shanuna kuma ba sa yi wa kowa sauri."

"Haka nake so."

"Amarya ce ke nan?"

"Shekararmu arba'in da aure. Watan jiya aka cire mata yanar ido. Tana buɗe ido ni ta fara gani, ta ce don Allah a kai ta ta ga abu mai kyau."

Mai amalanken ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Bayan asuba ina ƙofar gidanku, Baba. Bari in je in wanke amalanken, taki na ɗauka yau."