Makullin A-kori-kura da Man Wiwi

Uwargida Doreen Pascoe, shugabar wannan taro, Likita Perera, dattawan ƙungiyar manoma, maƙwabta maza da mata, ina gaishe ku, ina kuma gode muku da kuka ba ni dama, ni Clem Hoskins, mutumin da bai gama firamare ba.

Tun shekarar babbar ambaliya, ta saba'in da huɗu, wadda ta tafi da tsohuwar gada, nake gaba da wiwi. A shekarar na sa kare ya kori wasu samari masu dogon gashi, don sun shuka ta a gindin shingena. Wanda ya manta, ni ban manta ba.

To, sai ciwon hanji ya kama ni. Shekara tara ina murɗawa, shekara tara ina ramewa, har zawo ya sa na san kowane kurmi tsakanin gonata da gari. Ɗaurin auren jikata ma daga ban ɗakin bayan coci na ji shi.

Da Likita ta rubuta mini man wiwi, na ce sam. Ba tsohuwar gaba kaɗai ba ce: mai shan irin nawa ba ya tuƙi, 'yan sanda na gwada yawun direbobi a hanya don gano wiwi. Ni kuwa shekara sittin ina riƙe da sitiyari.

Sai matata Glenys ta ce, "Clem, ni ka aura ko ban ɗaki? Bijiminmu ya fi ka jin magana."

Maƙwabcina Wattie ya ƙara da cewa, "Sha abinka, tsoho, ko gashi ya fito maka a sanƙon nan."

Na sha, ɗigo-ɗigo, yadda aka auna. Jama'a, ku ji ni da kyau: ban warke ba, Likita ma ba ta ce zan warke ba, kuma ba kowa yake yi wa aiki ba. Amma ina cin abinci, ina barci, ga shi awa biyu ina zaune a zauren nan ban nemi ƙofa ba.

Wata huɗu a-kori-kurata tana ajiye, girman kai ya hana a tuƙa ni. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mai da kowa gida lafiya. Gobe da safe zan miƙa wa Glenys makulli, in zauna a gefe, ta kai ni kasuwar shanu, kuma ba zan ce mata uffan ba. Na gode.