Ranar Da Na Ƙi Komawa Shan Ƙwaya Ta Biyu

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Sunana Rahila. Kun saba ganina a kujerar baya, kun kuma san ba ni da baki a cikin taro, shi ya sa na rubuta shaidata a takardar zumuntarmu.

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Alhamis na haɗiye ƙwayar. Ina shekara ta biyu a jami'a a nan Guangzhou ta ƙasar Sin, ga ƙaramin ciki, wanda ya yi mini shi kuma ya daina ɗaga wayata. Na tuna yadda babana ya tsaya a cocinmu na Wusasa yana godiya ranar da na samu gurbin karatu, sai na tafi asibiti na ce a zubar. Suka bayyana mini cewa maganin kashi biyu ne: na farko a ranar, na biyu ranar Asabar a gabansu.

Tun a cikin jirgin ƙasa, a hanyar dawowa daga asibitin, zuciyata ta juya. Na zauna, na tashi, na sauka a tashar da ba tawa ba. Ashe ina son cikin nan! Amma tsoro ya hana ni komawa asibitin, don na ɗauka za su tilasta mini in ƙarasa.

Karatu kaɗai na iya, karatun na kama. Na yi ta buɗe shafuka a waya. Wasu sun ce akwai maganin riƙe ciki da zai warware aikin ƙwayar farko in an sha da wuri. Wasu sun ce ba a tabbatar da haka ba, kuma tsayawa a tsakiya na iya jawo zubar jini mai yawa. Na karanta duka a tsanake, sannan na zaɓi wanda raina ke so.

Nakan yi wa 'yan kasuwa tafinta a unguwar Xiaobei, na kuma koyi sayayyarsu: ka nuna hoton kaya a waya, mai shago ya ce akwai ko babu. Haka na yi da raina. Manyan kantunan magani suka ce "meiyou", wato babu, sai da takardar likita. A wani lungu na unguwar Sanyuanli wani mai shago ya dubi hoton ya miƙo mini kwali. Na tambaye shi ko akwai haɗari, ya ɗaga kafaɗa kawai. Duk da haka na saya, na fara sha.

Ranar Asabar ban koma asibiti ba. Na raka Hajiya Rabi, wata 'yar kasuwar Kano, sayen labule. Muna hawa bene muna sauka, tana tsokanata wai yau malamar boko ta manta Sinancinta a gida. Marata na murɗawa, ina ce mata yunwa ce. Da na shiga bayan gida na ga jini, ba irin wanda na saba gani ba. Na canza auduga, ban ko miƙe ba ta sake jiƙewa. Kaina ya fara juyawa.

Na jingina da ƙofa na ce, "Yesu, na kasa gyarawa. Kada ka bar ni in mutu a nan saboda kunya." Ban ji wata murya ba. Ƙarfin zare sakata kawai na samu, na kira sunan Hajiya.

Ta dube ni sau ɗaya, ta cire mayafinta ta ɗaura mini a ƙugu, ta bar kayanta a shagon mutane. A cikin tasi, a hanyar asibiti, na fara kame-kame, ta katse ni.

"'Yata, ba ni za ki yi wa bayani ba. Likita za ki gaya wa, kuma kada ki rage komai."

An yi mini wankin ciki, an ƙara mini jini. Cikin bai tsaya ba. Hajiya ta zauna a gefen gadona tana jan carbinta, ni ina addu'ata a zuci.

Har yanzu akwai ranakun da kuka ke zo mini a tsakiyar aji. Amma ina da rai, kuma Ubangiji bai yashe ni ba. Yabo ya tabbata gare shi! 'Yar'uwa, in kina cikin irin wannan hali, ki dogara gare shi, ki kuma buɗe baki tun da wuri ga wanda ya san aikin.

Kafin a sallame ni na tambayi likitar, wata dattijuwa, abin da ke cin raina: da na fara maganin nan da wuri, ko na ƙara yawansa, da cikin ya tsira? Ta ajiye alƙalaminta.

"Ban sani ba," ta ce. "Ba wanda zai iya yi miki wannan alkawari, don ba a tabbatar yana aiki ba, ba a kuma tabbatar ba shi da haɗari ba. Amma da kin dawo kin ce kin fasa, ba mai tilasta miki. Da mun duba ki, mun sa miki ido. Bai kamata ki ɗauki wannan ke kaɗai ba."