Littafin Ɗan Hansai

Wani malamin makaranta daga unguwar Tsinga ya tsaya sayen tsire wurin Lado a unguwar Briqueterie, sai ya hango littafi a gefen takardun naɗe nama. Ina zaune a benci, na ji su.

"Maigida, wannan ma da shi za ka naɗe nama?"

"A'a. Cikin takardun da na auno a kasuwar Mokolo na tsince shi, na ware."

"Ka san na wane ne? Na Njidda Alim ne. Ya karanta filosofi a Faransa, littattafansa huɗu. An hana shigo da wannan. Shekara uku ina nemansa."

"Mece ce filosofi, malam?"

"Mutum ya riƙa tambayar dalilin kome."

"To, bai canja ba. Yana yaro ya tambaye ni ko rago ya san ranar Layya. Me ya faɗa a ciki?"

"Labarin unguwa ne mai kama da wannan. Amma shafin farko da ajami ya rubuta, ni kuwa ban iya ba."

"Ni kuma shi kaɗai na iya. Cewa ya yi: 'Ga uwata Hansai, wadda ba za ta karanta sauran ba.' Tana nan unguwar Messa. Shekara tara ba ta ga rubutunsa ba."

"Yage mata shafin, ka sayar mini da sauran."

Lado ya juya tsirensa.

"Ba naka ba ne, malam, nata ne. Ba na yagewa, ba na sayarwa."